Tsohuwar Jif Ɗin Kawu Ilu

Ai Barira ta sauka lafiya, namiji! Kin san me ya kai ta asibiti? Tsohuwar jif ɗin nan da Kawu Ilu ya shekara biyu yana gyarawa, ana masa dariya.

Da naƙuda ta tashi, motar haya mai tuƙa kanta ta zo bakin rafi ta cije, wai "An cire wannan ƙauye daga taswira." Aikin banza! Mijin Barira, sarkin iyayi, ya faɗa jif yana mata tsawa, "Asibiti!" Yana jira ta tafi.

Kawu ya ce, "Kai shashasha, wannan hannu take ji. Matsa can, riƙe matarka!"

Murzawa ɗaya ta tashi, ta ratsa ruwa.

Don Allah ki gaya wa duk mai tsohon ciki, ta aika wa Kawu da wuri.