Sukuwa Zuwa Ƙofar Masauki

Alhaji Tanimu, tunda ka ce gobe za ka kama hanya, matso in ba ka wani misali. Farkonsa ya kuɓuce mini. Na manta ko fatu mutumin ya je saye ko gashin tumaki, wanda ya ba ni labarin ma fuskarsa kawai nake gani, sunan ya tafi. Amma abin da ya faru a ƙofar masaukin yana nan daram a kaina.

Wani matafiyi ne, mutumin ƙasarmu, neman halali ya kai shi ƙasar Kirgizawa, can cikin duwatsun da ƙanƙara ba ta sauka daga kawunansu. Makiyaya ne kamar Fulaninmu, sai dai su dawaki ne abin taƙamarsu, har nonon goɗiya suke tatsa su sha. In sanyi ya ja baya sai su hau tudu da dabbobinsu, su kafa bukkoki na gashin tumaki, waɗanda ke bakin hanya kuwa su ne masaukin matafiya. Mutumin namu ya yi hayar doki da jagora, guntun Larabci ne ya haɗa su. Da rana tsaka dokin jagoran ya taka dutse ya kama ɗingishi. Jagoran ya nuna masa wata farar bukka can ƙasan kwari, ya ce ya yi gaba, nan za su sauka, shi yana tafe. Matafiyin bai yi nisa ba hadari ya leƙo ta bayan dutse, ƙanƙara ta shiga jifansa kamar da tsakuwa. Sai ya kare fuska da hannun riga, ya saki linzami, ya doshi bukkar a sukwane. Tun daga nesa yake ƙwala sallama, don a gidansu mai ladabi ba ya faɗa wa mutane babu sanarwa.

A ƙofar bukkar wata tsohuwa tana tatsar goɗiya. Ta ɗago ta hango shi, bokitin ya suɓuce, nono ya malale a ciyawa. Ta dafe ƙugu da hannu biyu ta saki wata ƙara da ta sa dokinsa ya turje. Wata mai tsohon ciki ta fito daga bukkar, ta fizge ɗankwalinta, ta kai farce kumatunta har jini ya tsatso. Daga sauran bukkoki maza suka sheƙo suna kuka da ƙarfi, manya masu gemu. Matafiyin ya ƙame a kan sirdi. Ya waiga ko wani abu ya biyo shi, babu komai. Ya duba rigarsa ko jini ne, babu. Ya ce, "Bayin Allah, lafiya? Baƙo ne ni, wurin kwana nake nema!" Ba mai jin Hausa. Tsohuwar ta kama likkafarsa tana maimaita suna ɗaya, tana kallon ƙwayar idonsa. Shi kuwa ya yi abin da baƙo kan yi in bai gane magana ba, ya gyaɗa kai. Nan take ta sulale ƙasa.

Da jagoran ya iso yana jan dokinsa, ya ga taron, ya dubi kumfar da ke ƙirjin dokin baƙon, sai ya ɗora hannu a ka. Ya ce, "Ɗan'uwa, da gudu ka zo? Kana ihu? A nan ba mai sukuwa zuwa ƙofar mutane sai mai kawo labarin mutuwa. Ɗan tsohuwar nan yana bayan dutse da garkensu, ƙanƙara ta tare mashigi, hanya kawai suke kallo. Waccan mai cikin matarsa ce." Matafiyin bakinsa sai salati. Kafin rana ta faɗi kuwa sai ga ɗan ya gangaro da dawakinsa yana fito, lafiyarsa ƙalau, ya tarar da makokin kansa. Matarsa tana dariya tana kuka. Amma uwar, bakinta ya karkace, ɓarin jikinta ya shanye. Ɗan ya durƙusa a gabanta, tana kallonsa, sunansa da ta yi ta kira ɗazu ya ƙi fitowa.

Abin da ya ƙara kashe wa matafiyin jiki, ba su kore shi ba. Suka yanka rago, suka ajiye kan a gabansa kamar yadda suke girmama baƙo. Loma ɗaya ta gagare shi. Da safe ɗan nan da kansa ya riƙe masa likkafa. Matafiyin ya kasa hawa. Ya ja dokinsa a ƙasa yana tafiya kamar mai taka ƙaya, bai hau ba sai da bukkokin suka ɓace.

Na daɗe ina zaton an ƙara wa labarin gishiri. Sai shekarar da na sauke farali, a Mina, Allah ya haɗa ni da wani dattijo Bakirgije mai doguwar farar hula. Na sa tafinta ya tambaye shi. Ya ce haka yake, shi ma tun yana ƙarami aka hore shi, ko me ya koro mahayi, in ya hango bukka sai ya ja linzami ya ƙarasa a hankali.

Ka ga dai da rana tsaka aka yi abin nan, Alhaji, idon mutumin kuma biyu. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.