Gishirin Goggo

Tela ya ɗaga hannu zai mari matarsa ke nan, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Goggo ce, tsohuwar da ɗakinta ke jikin nasu, riƙe da kofi.

"Ɗan nan, a sam mini gishiri."

Karo na huɗu ke nan a mako guda. Da ya fara sababi sai ta ɓullo, ta zauna a bakin gado tana jan matarsa da hira, har ya huce don dole. Ran da ba ta nan, maƙwabcinsu mai wanki ne ya zo aron almakashi, ya kafe yana ba shi labarin ciwon bayansa.

Abin ya ishi tela. Washegari ya sayo gishiri ƙulli guda, ya faɗa ɗakinta don a huta da roƙo. Sai ya yi turus. Ga buhun gishiri cike taf a bayan ƙofa.

"Goggo, to me kike zuwa nema wurina?"

"Hannun nan naka nake zuwa saukewa," in ji ta. "Duk gidan nan mun raba aiki. Ka sake ɗaga shi, da hukuma za mu zo, ba da kofi ba."

Kunya ta rufe shi. Ana cikin haka, sai ga ihun matar wani direba daga ɗakin ƙarshe.

Goggo ta miƙa masa kofin.

"Ƙafata na ciwo. Yi maza, yau kai ne ba ka da gishiri."