Albasa a Hasken Ƙofa

Ina aji huɗu a firamare lokacin da Baffa, yayan mahaifina, ya zo shagon ɗinkinmu a kasuwar Bodinga wata rana da la'asar. So yake a cire ni daga makaranta in zauna kan keken ɗinki.

Ya dube ni ya ce, "Kai, mi aka koya muku yau?"

Na ce an koya mana duniya ce ke juyawa, ba rana ba.

"To wanga sanin riga za ya ɗinka maka?"

Baba ya ɗauke ƙafa daga kan keke. Ya zaro wata jar albasa daga cikin cefanen gida, ya miƙo mini. "Gwada mani."

Na ɗaga ta saitin hasken ƙofa, na juya ta a hankali. Nan rana, nan dare. Har yau ina jin warinta a yatsuna.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, shekara arba'in ana juyawa da ni ban sani ba. Ɗinki ni zan koya mai. Wanga ko ban iya ba. Gobe shina makaranta."

Yau ni ma tela ne, a kan wannan keken nasa. Ɗiyata tana karatun taurari a jami'a, kuma sai ta gama shi. Duk wanda ya tambaye ni amfaninsa, albasa nake miƙa masa.