Kwanon Hajiya Sadiqa

"To wai shi bidiyo, in ka jingina shi a shafinka, naka ne ko na mai shi?"

Fatu na tsakar gida tana ɗauraye kwanuka ta ji Sama'ilu, abokin maigidanta, ya jefa wannan tambaya a zaure. Ba ta saba kasa kunne ga zancen maza ba, amma bangon zauren bai kai rufi ba, kuma tun la'asar ake abu ɗaya. Ta kife kwanukan samirarta a kwando. Biyar. Da shida aka kawo ta, kowanne da ɗigo uku na jan farce a gefensa, shaidar da innarta ta sa don kada su ɓace a gidan biki. Ta san inda na shidan yake. Kunya ce ta hana ta tambaya.

Maigidan nata, Lauwali, shi ke riƙe da shafin intanet na ƙungiyar unguwarsu a Kazaure. Nan ake sa sanarwar suna da ta rasuwa, da ranar yashe kwata. Da kyar mutum goma ke leƙawa. Sai ya ci karo da tashar wata Hajiya Sadiqa mai koyar da girki: ba fuska, ba murya, sai hannuwa biyu cikin safar leda da rubutu yana bi ta ƙasa. Ya sauke bidiyonta na miyar kuka, ya datse ƙarshen inda sunanta yake, ya manna tambarin ƙungiya.

Kafin sati, har daga Roni da Gwiwa ana buga masa waya. Wani a Babura ya ce matarsa ta gwada miyar, sun shirya bayan gabar kwana tara. Aka fara kiran Lauwali Injiniya, shi ma ya fara amsawa.

Shekaranjiya saƙo ya zo daga kamfanin da ke ɗauke da shafin. Mai bidiyo ta kai ƙara. An ba shi kwana uku: ko ta yafe, ko a rufe shafin ɗungurungum, a tafi da sanarwar shekara huɗu, Injiniya ya koma Lauwali. Yau ne na ƙarshe.

"Ni fa jingina shi na yi," in ji Lauwali, murya ƙasa-ƙasa.

"Jingina?" Muryar Baba Halliru ce, mahaifinsa. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a sashensa, ba ya yarda ko shara a shiga yi masa. "Jingina ita ce ka buɗe taga jama'a su leƙa gidan matar, tukunyarta na kan murhunta, sunanta na ƙofarta. Kai katanga ka haura ka sunkuto tukunyar. Ka kuma yanke daidai wurin zuba man shanu, daƙiƙa goma sha biyu cif!"

Fatu ta dakata da cokali a hannu. Baban da ko wayarsa ta yi ƙara sai ya miƙa a duba masa wa ke kira.

"Ni dai Baba, in bazawara ce a nemo mini kwatancen gidan," in ji Sama'ilu. "Daddawar ce kawai ta ɗan yi yawa."

"Daddawar daidai take!"

Baba ne ya daka masa wannan tsawa.

"Kuma ba sa'arka ba ce," Baba ya ƙara, yana gyara murya.

Daga nan sai ya sa ɗan nasa ya rubuta takardar ban haƙuri. Baba na faɗa, Lauwali na dannawa. Sau uku ana sake ta. Ta farko ba ladabi. Ta biyu ba a yabi miyar ba. Ta uku ta fara da "Hajiya Mama, ɗanki ya tuba," ta ƙare da cewa tun daga dutsen Kazaure har bakin iyaka ba a taɓa kaɗa kuka irin tata ba. Aka tura.

Baba ya miƙe, wai zai je ya yi alwala. Ya ratso tsakar gida, Fatu ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da aiki, 'yata. Allah ya yi albarka."

Ya kalli kwandon kwanukan, ya kau da kai, ya shige sashensa ya saka sakata.

Ko buta ba a ji an ajiye ba Lauwali ya ƙwala kabbara a zaure. Amsa ta zo. Ya karanta da ƙarfi: "Na yafe. A cire na satar, a jingina daga tashata, a bar sunana. Kuma yaro ya dinga jin maganar manya."

"Wayyo, ga girki ga tarbiyya!" in ji Sama'ilu. "Ni ai na mutu."

Lauwali ya shigo cikin gida baki har kunne, ya miƙa wa Fatu wayar. "Ungo, ga cikakkensa. Ki kalla ki koya. Wannan ita ce mace."

Ta goge hannu da gefen zani ta karɓa. Rubutun na yi mata sauri, sai ta bar shi ta bi hannuwan. Suka niƙa, suka kaɗa, suka ɗanɗana. Can ƙarshe, inda aka taɓa datsewa, suka jawo kwanon samira gaban kyamara, suka juye miya, suka kwarara man shanu. Ta sa yatsa ta tsayar da hoton, ta matso da shi dab da hancinta. Ga ɗigo uku na jan farce a gefen kwanon.

"Kin ga hannun manya ko?"

"Na gani," ta ce, kanta a sunkuye, tana cizon gefen mayafi.

Ta mayar masa da wayar. A ranta ta yanke cewa ko innarta ba za ta ji wannan ba. Ta kuma haƙura da kwanon nan mai ɗigo uku, wanda ta kai wa Baba tuwo a ciki tun kafin azumi.