Kaskon Malama

Man da ke cikin kasko ya kama da wuta, harshenta na neman labulen taga. Gaban uwar ya yanke ya faɗi, ta suri bokitin ruwa.

"Umma, kada ki zuba! Tashi za ta yi!"

Autarta ce, wadda ko jiya sai da uwar ta tsokane ta, wai makarantarsu ta koma koyar da girki. Yarinyar ta kashe murhu, ta tura murfi ta rufe kaskon ruf. Wuta ta mutu.

Uwar ta rungume ta. "Ke ko tsoro ba kya ji?"

Sai yarinyar ta sulale ƙasa, ta fashe da kuka.

"Umma, kaskon da Malama ta gwada mana babu wuta a ciki."