Mutumin da Ya Riƙa Kai Sansa Jin Tayi

Tunda ka ce ba ka samun sukuni sai ka auna saura yaya ka tsaya da ƙafarka, zauna ka ji abin da ya sami wani ɗan ƙwadago. Mutumin nan tun tasowarsa a gonar mutane yake sunkuye. Ya yi wa wannan huɗa, ya yi wa wancan maimai, a sallame shi da yamma, gobe ya sake saɓa fartanya neman mai ɗauka. Abin ya ishe shi har wuya. Ana nan sai wani dattijo maƙwabcinsa ya sa gonarsa ta bakin fadama a kasuwa, ya kuma yi masa alkawarin zai jira shi zuwa Babbar Sallah, in ta wuce a sayar wa wani. Mutumin ya tattara duk abin da ya mallaka, matarsa ta ƙara masa da awakinta, ya sayo wani ramammen sa ya turke a inuwar darbejiya bayan ɗaki, don in ya yi ƙiba ya sayar da Sallah ya biya gonar. Ga dusa, ga harawa, ga ƙowa, ga ruwan kanwa. Shi ya kwana da yunwa bai dame shi ba, in dai sa ya ƙoshi. Sa kuwa ya karɓi kiwo, gashi ya kwanta, tozo ya fara tashi.

To amma Allah ya yi shi cikin mutanen nan da in sun dasa rogo sai sun tone sun ga ko ya yi saiwa. Da farko igiya ya samu, kowace safiya ya zagaya ƙirjin san da ita ya yi ƙulli. Igiya ta nuna ana gaba, amma igiya ba ta san kuɗin gona ba, shi kuwa abin da yake so ya ji ke nan. Ranar wata kasuwa ya kwance sa, ya ja shi cikin rana har kara, inda ake sayar da shanu, can gaba da rafi. Dillalai suka kewaye, suka shafa, suka taya. Ya ce albarka, ya jawo abinsa gida yana murna, don ya ji inda ya kai. Murnar ba ta kwana biyu ba, zuciya ta ce masa ai wancan tayin na makon jiya ne. Ya sake kwancewa. Daga nan duk kasuwar da ta ci, ta gabas ko ta yamma, da shi da sa suna hanya. Matarsa ta gaji ta ce, "Malam, san turke fa ba ya yawo." Ya ce mata wanda bai san inda ya kwana ba, ta ina zai san saura nawa ya isa? Maganar ta yi kama da hikima, shi ya sa ta ruɗe shi. Sa ya dawo daga kasuwa ya zube, ya wuni bai kalli dusa ba, kofato ya fara ciwo. Da igiya ta nuna an koma baya, hankalin mutumin ya ƙara tashi, maganin da ya gani kuma shi ne ya je ya ji tayi. Dillalai har suka sa masa suna Mai Albarka, suka daina kawo masa masu sayen gaske, don sun san jin baki kawai ya zo yi.

Da Sallah ta matso, ya zo sayarwa da gaske, fataken da suka fi kowa saye suka dubi tozo ya kwanta, suka lalubi haƙarƙari, suka wuce wajen shanun da ba su taɓa barin inuwa ba. Ya sayar a wulaƙance, yana ji kamar ya yi kuka, kuɗin ko kusa da na gona ba su kai ba. Dattijo ya cika alkawari, ya jira har Sallah ta wuce, sannan ya sayar wa wani. Ruwan shuka ya sauka ya tarar da mutumin yana tambayar wa ke neman ɗan ƙwadago.

Auna tafiyarka, ba laifi, amma kada awon ya cinye abin da kake aunawa. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman ƙiba an samo rama.