Tumakin Sadakin Nafisa

Karo na biyu ke nan Lawan ya yaga rufin adaidaita sahun da yake haya, don ya ƙi jin magana ya sake ɗaukar rodi daga Hotoro. Da yamma Malam Isyaku, wakilin mai keken, ya tare shi a Tarauni. Ya ce mai shi na son ganinsa gobe, ya taho da mukulli.

Keken nan kuwa shi ne cin Lawan, shi ne shan gidansa.

Bai taɓa ganin mai keken ba, shi dai ya raɗa masa Alhaji. Kuma Alhajin nan kamar mai aljanu. In Lawan ya makara da barci, saƙon faɗa zai iso kafin azahar. Satin da matarsa Nafisa ta haifi Zahra, Alhaji ya yafe masa balas, wato kuɗin hayar keken, tun kafin ya sanar da kowa.

A majalisa kuwa Lawan zaki ne. "Ni matata ba ta sana'a," in ji shi, yana dukan ƙirji. Yakan ƙara da cewa ya yi aure a ɓagas: tumaki biyu ya ba da sadaki a ƙauye, ita kuma don rashin wayo ta bar wa gwaggonta kiwo. Shekaru sun tafi, bai ƙara tambayar su ba. Wayar da Nafisa ke yawan yi da ƙauye gabanin kowace Babbar Salla, a wurinsa surutun mata ne.

Da ya koma gida ya kasa cin tuwo.

"Ki taya ni addu'a, Allah Ya sanyaya zuciyar Alhaji."

"Sai dai ka gyara halinka," in ji Nafisa, tana kwashe kwanuka.

Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, ya haddace ban haƙuri. Malam Isyaku ya zauna a baya yana nuna hanya. Suka shiga Gyadi-Gyadi, suka wuce mai shayin layinsu. Lawan ya ɗauka yanke ne, sai ya ji an ce ya tsaya a ƙofar gidansa, shi Lawan ɗin.

Malam Isyaku ya yi sallama. "Uwar ɗakina, ga direban naki."

Nafisa ta leƙo da goyo a baya, ta dubi rufin, ta miƙa hannu.

"Baban Zahra, kawo mukullin. Tumakin sadakina ne kake ta lafta wa rodi."